Takardun sashe a asusun sakataren da ya yi ritaya, da sauran wasiƙunku daga jami'a

Wasiƙun wannan makon kusan duka daga jami'o'i suka fito, kuma magana ɗaya suke yi: an kawo sabon tsarin ajiye takardu da yin aiki tare a kansu ta intanet, wasu na murna, wasu na ɗari-ɗari. Na zaɓi guda shida. Ɗaya daga ciki ta tayar mini da hankali ƙwarai, don haka ku yi haƙuri idan na daɗe a kanta.

Tambaya: Malam, hukumar jami'armu ta kasa tsayawa a kan ɗaya tsakanin Google Workspace, Microsoft 365 da Nextcloud. An ce mu kawo shawara. Wanne ya fi? Daga wani ma'aikacin sashen kwamfuta.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara ƙirga mutanen ofishinku kafin ka ƙirga fasalolin manhaja. Nextcloud, wadda aka fara a Jamus a 2016, a kan uwar garkenku, wato babbar kwamfutar ajiya taku ta kanku, za ku girka ta, takardunku na hannunku, amma wuta da sabuntawa da kwafin ajiya duk a wuyanku suke. Idan ku biyu ne kacal a ofis, ku bar ta. Idan ma'aikatanku sun riga sun saba da Word da Excel, Microsoft 365 zai fi musu sauƙi. Kada kuma kowa ya ruɗe ku da maganar wurin ajiya marar iyaka. Google ya daɗe yana ba makarantu haka, sai a 2021 ya sanar da cewa daga Yulin 2022 kowace makaranta terabayit 100 ne rabonta na asali, kowa da kowa a ciki. Ku rubuta yadda za ku kwashe kayanku ranar da kuka so fita, tun kafin ku sa hannu.

Tambaya: Sakataren sashenmu ya yi ritaya watan jiya. Sakamakon jarrabawa da bayanan taron sashe na shekara bakwai duk suna cikin Google Drive ɗinsa na kansa, wanda ya buɗe da Gmail. Mutumin kirki ne, ya ba ni kalmar sirrinsa. Yanzu jami'a ta ce kowane sashe ya koma sabon tsari. Ni dai ban ga dalilin wahala ba. In ci gaba da amfani da asusunsa mana? Daga wani shugaban sashe.

Amsa: Ranka ya daɗe, da girmamawa, wannan ba sauƙi ba ne, ganganci ne. Sakamakon ɗalibai na shekara bakwai kuna ajiye da shi a gefe ɗaya da hotunan iyalin wani bawan Allah, a asusun da jami'a ba ta da iko da shi ko na ƙwayar zarra. Kalmar sirrin da ya ba ka ba ita ce makullin ba. Makullin na gaskiya shi ne lambar wayar da aka ɗaure asusun da ita, kuma tana aljihunsa. Ranar da Google ya ga an shiga daga wata kwamfuta da bai sani ba, zai aika lambar tabbatarwa zuwa wayarsa, kai kuma kana zaune da majalisar jarrabawa suna jiran ka. Idan ya canza layi fa? Idan rai ya yi halinsa fa? Babu mai kula da tsarin jami'a da zai iya buɗe muku asusun Gmail na mutum, domin ba nasu ba ne. Ƙari a kan haka, tun Disambar 2023 Google na da damar goge asusun mutum da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma shi ne mutane ba sa tunawa. Ka ɗauka wata rana an ga makin wani ɗalibi ya tashi daga 38 ya koma 58. An buɗe tarihin gyare-gyaren fayil ɗin domin a ga wanda ya taɓa shi. Sunan wa za a gani? Sunan dattijon da ke gida yana hutawa, domin kai da mataimakinka da duk wanda ka taɓa karanta wa kalmar sirrin nan da sunansa kuke shiga. Wanda ya yi ɓarnar ya sha, mutumin kirkin nan naka shi za a kira ya yi bayani. Babbar fa'idar irin wannan tsari ita ce ya nuna wa ya yi me, kuma yaushe. Da zarar mutum uku sun haɗa asusu ɗaya, kun kashe wannan fa'idar da hannunku.

Kada kuma ka ce za ka kwashe komai ka zuba a asusunka na jami'a shi ke nan. Ciwon ne ka ɗauke daga wannan kafaɗa zuwa waccan. Kai ma shugabancinka na da wa'adi. A Google Drive, kowane fayil na da mai shi, kuma idan aka goge asusun mai shi ba tare da an miƙa fayilolin ga wani ba, duk waɗanda aka raba wa za su wayi gari babu komai. A Microsoft 365, idan aka goge asusun ma'aikaci, kwana 30 ake riƙe OneDrive ɗinsa, wato wurin ajiyar fayilolinsa, a tsarin asali, sai dai idan masu kula sun tsawaita. Takardar sashe wurinta rumbun sashe: rumbun tarayya a Google Drive, ko a Microsoft 365, shafin SharePoint na sashen, wato rumbun da ke riƙe fayilolin kowane rukuni a manhajar aiki tare ta Teams. A can fayil ba na kowa ba ne, na sashe ne. Mutum ya tafi, a cire sunansa, takarda na nan inda take.

Ga abin yi a wannan makon, ba bayan jarrabawa ba. Ka gayyaci dattijon ofis, ya shiga da hannunsa, ku sauke takardun sashe kaɗai ta Google Takeout, wato hanyar da Google ya tanada don kwashe kaya daga asusu, ku loda su a rumbun sashe. Tarihin gyare-gyaren zai salwanta a hanya, wannan ita ce ladar ajiya a gidan wani, ku haƙura. Ku buɗe wasu fayilolin ku tabbatar sun iso lafiya, sannan ya goge nasa kwafin, ya canza kalmar sirrinsa. Wajen ba da izini, ku yi rukuni-rukuni: malaman sashe, jami'an jarrabawa, ma'aikatan ofis. Kada ku riƙa ƙara mutane ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, bayan shekara biyu babu wanda zai san wa ke ganin me. Kuma don Allah, wannan zaɓin na cewa duk mai mahaɗar zai iya buɗewa, ku kashe shi a kan foldar tambayoyin jarrabawa. Mahaɗa ɗaya ta faɗa zauren WhatsApp na ɗalibai, magana ta ƙare.

Tambaya: Ni da mai duba aikina muna musayar kundin digirina ta WhatsApp. Yanzu ina da fayil goma sha ɗaya: na ƙarshe, na ƙarshe na biyu, na ƙarshe na gaske. Ban san wanda ya gyara ba. Daga wata ɗalibar digiri na biyu.

Amsa: Malama, wanda ya kai na ƙarshe har sau goma sha ɗaya ai ya cancanci digiri na haƙuri. Fayil ɗaya tak za ki ajiye a asusunki na jami'a, ki raba wa malaminki da izinin sharhi ko ba da shawarar gyara. Tsofaffin kwafi tsarin ne ke riƙe su a tarihin fayil. Idan dole sai kin fitar da kwafi, ki fara sunansa da kwanan wata, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2025-03-14. Da kansu za su jeru a folda. Shekaru ke nan ina wa'azin wannan ɗabi'a.

Tambaya: Foldar bincikena tana daidaita kanta da OneDrive. Ke nan ba na buƙatar wani kwafin ajiya? Daga wani malamin kimiyya.

Amsa: Kana buƙata, Dakta. Daidaitawa madubi ce: ka goge a nan, ya goge a can. Kwandon shara na ceto na ɗan lokaci ne, kwana 93 a SharePoint da OneDrive na ma'aikata, kwana 30 a Google Drive. A Disambar 2019 masu kutse suka kulle na'urorin Jami'ar Maastricht a Holan, har da wasu na kwafin ajiya, jami'ar ta biya fansar Bitcoin 30. Don haka ka ajiye kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri daban kuma a cire shi daga kwamfuta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambaya: An ce mu mayar da tsofaffin fayilolin ɗalibai na takarda zuwa kwamfuta. Muna ɗaukar hotonsu da waya. Ya yi? Daga wata ma'aikaciyar ofishin magatakarda.

Amsa: Bai yi ba. Sikana za ku nema, ku sa ta a kan ɗigo 300 a kowane inci, ku kunna fasahar gane rubutu domin a iya neman suna a cikin takarda, ku adana a matsayin PDF/A, nau'in da aka tsara tun 2005 domin ajiya mai tsawo. Sunan fayil ya fara da lambar ɗalibi, masu suna iri ɗaya sun yi yawa. Kada a taɓa takardun asali sai hukumar jami'a ta rubuta wa'adin ajiyar kowane iri.

Tambaya: Intanet ɗin ofishinmu na yawan yankewa. Yaya za mu yi aiki da tsarin da komai nasa ke kan intanet? Daga wani jami'in jarrabawa.

Amsa: Ka girka manhajar OneDrive ko Google Drive ta kwamfuta, ka danna foldar da kake aiki a kai da maɓallin dama, ka zaɓi a riƙe ta a kan na'urar. Ka yi aikinka, intanet na dawowa za ta loda. Sai dai ku yi magana da abokin aikinka kafin ku taɓa fayil ɗin Excel guda a lokacin da babu intanet, in ba haka ba kwafi biyu masu karo da juna za ku tarar, kuma da hannu za ku tace su layi-layi.