Na Cire Ƙunshin Haruffa, Amma Ragowar Fayiloli Sun Ƙi Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Samaru, inda muke yi wa ɗaliban ABU aikin projet, kuma kwamfutar da muke aiki da ita Ubuntu ce. Na cire wasu salon haruffa da ba ma amfani da su, amma har yanzu ina ganin fayiloli masu dogayen sunaye a cikin /var/cache/fontconfig, sannan sunan wani salo da na cire yana fitowa a LibreOffice. Shin in goge su da hannu, ko kuwa zan lalata na'urar?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Fayilolin da ka gani ba su ne haruffan ba, kuma ba mallakar ƙunshin (package) da ka cire ba ne, shi ya sa suka zauna bayan tafiyarsa. A Linux akwai wata manhaja mai suna fontconfig, wadda Keith Packard ya fara rubutawa, aikinta shi ne ta leƙa duk manyan fayilolin (wato folda-folda) da ake ajiye haruffa, ta rubuta sunan kowane salo da nauyinsa da irin baƙaƙen da yake ɗauke da su, domin kada kowace manhaja ta sake wannan bincike duk lokacin da aka buɗe ta. Wannan rubutun da take adanawa shi ne kash (cache), kuma shi ne fayilolin da ka gani. Matsayinsa kamar na katin jerin littattafai ne a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim: ana iya ɗauke littafi daga kanta, katinsa ya rage a aljihun tebur har sai mai kula ya zo ya gyara.

Dalilin da ya sa apt, manhajar girkawa da cire ƙunshi a Ubuntu, ba ya kwashe su shi ne, dpkg, wanda apt ke aiki ta hannunsa, yana riƙe da jerin fayilolin da ya zuba da kansa ne kawai a lokacin girkawa, kuma da wannan jerin yake aiki a lokacin cirewa. Kash kuwa daga baya ake haifar da shi, don haka ba ya cikin jerin kowa. Kana iya tabbatarwa da kanka: rubuta dpkg -S tare da cikakken sunan fayil ɗin, idan ya ce bai sami ƙunshin da ya mallake shi ba, to ka san ba wani ƙunshi ne ya zuba shi ba. Wannan gwajin ya kamata ya zame maka al'ada kafin ka goge komai a ƙarƙashin /usr, domin fayil ɗin da dpkg ya san da shi ba a taɓa shi da hannu, ta hanyar apt ake cire shi.

Game da gyaran kuwa, ka fara da sudo apt purge da sunan ƙunshin (sudo shi ke ba umarni ikon mai kula da na'ura), saboda remove yana barin fayilolin saiti, purge kuma yana haɗawa da su. A mafi yawan lokuta Ubuntu da Debian suna sabunta kash ɗin na'ura da kansu da zarar an taɓa /usr/share/fonts, amma wannan bai shafi kash ɗin da ke cikin gidan kowane mai amfani ba, wato ~/.cache/fontconfig, domin mai kula da ƙunshi ba ya shiga gidajen mutane. Sai ka rubuta sudo fc-cache -r -v, wanda zai share tsohon kash ya gina sabo daga tushe, sannan ka maimaita fc-cache -r -v ba tare da sudo ba a kowane asusun da yaran shagonka suke shiga da shi. Goge abin da ke cikin waɗannan wurare biyu da hannu ba ya da haɗari, iyakaci manhajar farko da ka buɗe bayan haka za ta ɗan yi nauyi. Ni dai na fi son a bar fc-cache ya yi aikinsa, saboda umarnin rm da sudo ba ya tambayar mutum sau biyu, kuma tazara ɗaya da ta shiga inda bai dace ba ta isa ta kwashe abin da ba a yi niyya ba.

Akwai kuma ragowar da ke zama a cikin babban fayil na haruffan kansa. Tsofaffin nau'o'in fontconfig suna barin fonts.cache-1, nau'in 2.13 na shekarar 2018 ya zo da ɓoyayyen fayil mai suna .uuid, kayan X11, tsarin nuna hoto a allon Linux, kuma suna barin fonts.dir da fonts.scale. Su ne suke sa dpkg ya yi gargaɗin cewa babban fayil bai zama fanko ba, don haka bai cire shi ba. Ka duba da ls -a, idan babu wani fayil na haruffa a ciki, irin mai ƙarewa da .ttf ko .otf, ka goge ragowar, ka cire babban fayil ɗin da rmdir, wanda ba ya yarda ya cire wurin da har yanzu akwai kaya.

Sunan da kake gani a LibreOffice wataƙila ba laifin kash ba ne. Kowace takarda tana riƙe da sunan salon da aka rubuta ta da shi, kuma idan salon ba ya na'urar, LibreOffice yana nuna sunan a karkace, ya maye gurbinsa da wani a ɓoye. Ka rufe manhajar gaba ɗaya, ka rubuta fc-list ka nemi sunan. Idan ya fito, layin zai nuna maka inda fayil ɗin yake, kuma sau da yawa a ~/.local/share/fonts ake samunsa, inda wani ya kwafa da hannu daga filasha.

A nan ne nake so ka yi hattara, idan ɗaliban sashen Hausa suna kawo maka aiki. Ba kowane salo ne yake ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba, kuma idan ka cire irin su Charis SIL ko Andika, tsofaffin takardun za su buɗe da baƙaƙe masu lanƙwasa da aka aro daga wani salo, tsayinsu ya saɓa da sauran, har shafuka su gusa. Kafin ka yi purge, ka rubuta fc-list ":lang=ha" ka ga salon da za su rage maka, sannan ka fitar da projet ɗin da ba a riga an buga ba zuwa PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa a cikinsa.