Amsa: Da gaske masu fasa-ƙwaurin giya ne tushen tseren NASCAR?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne tseren motocin NASCAR na Amurka daga masu fasa-ƙwaurin giya ya samo asali. E, gaskiya ne, sai dai ba su suka jagoranci kafa ƙungiyar ba. Bill France ne ya tara mutane a Daytona Beach a Disambar 1947, aka kafa ta a 1948. Amma direbobin farko da yawa a kudancin ƙasar sun goge da tuƙi ne suna gudu da giyar da ake dafawa a ɓoye, kuma sana'ar ta ci gaba bayan an ɗage dokar hana giya a 1933, don kauce wa haraji. Junior Johnson, wanda ya ci babban tseren NASCAR na Daytona 500 a 1960, sai da ya yi wata 11 a gidan yari saboda ita.

Ni da nake bakanike, abin da ya fi gamsar da ni shi ne maganar sifirin. Mota in ta ɗauki kaya mai nauyi, bayanta zai zauna, jami'i zai gane tun daga nesa. Shi ya sa suke ƙarfafa sifirin na baya, su ƙara wa inji ƙarfi, jiki kuwa su bar shi yadda ya fito daga kamfani. A tseren farko da NASCAR ta shirya wa motocin da ba a yarda a sauya su daga yadda kamfani ya ƙera su ba, a birnin Charlotte a 1949, Glenn Dunaway ne ya fara isa, amma da aka duba Ford ɗinsa aka ga an taɓa sifirin na baya, sai aka ba Jim Roper nasarar.