"Ba kowa" da "ba kowa ba ne": ina korewar take?

Tambaya: Malam, ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Katsina. Na ce wa ɗalibaina nobody shi ne kowa, nothing kuma komai. Sai wani yaro ya ce ai kowa dukkan mutane yake nufi. Wa ke da gaskiya?

Amsa: Malama, ɗalibinki ne da gaskiya, kuma ya cancanci yabo. Turanci yakan cusa korewa a cikin kalmar kanta. Dubi none: a tsohon Turanci haɗa kalmar "ne", wato "ba", aka yi da kalmar "an", wato "ɗaya". Hausa ba ta bi wannan hanya ba. Kowa "ko" ce da "wa", komai kuwa "ko" ce da "me", shi ya sa a tsofaffin littattafai za ki ga kome, Sakkwatawa kuma su ce komi. Babu ƙwayar korewa a jikinsu. Da Bahaushe ya ce "kowa ya bar gida, gida ya bar shi", duk wanda ya bari yake nufi. Haka "komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo". Korewa tana hannun "ba" da "babu", su kuma inda aka ajiye su shi ke yanke ma'ana.

A ce an yi suna, aka tambayi maigida yadda taro ya kasance. In ya ce "babu wanda ya zo", to tabarmi kawai aka shimfiɗa aka naɗe. In ya ce "ba kowa ne ya zo ba", an zo, wasu ne dai suka ƙi. Ina yawan ganin "kowa bai zo ba" a fassarar ɗalibai. Akan ji ta a baki, amma ni ba na son ta a rubuce, don takan sa mai karatu ya tsaya yana lalube.

Ga wadda ta fi ba ni sha'awa. Kin leƙa ɗaki kin ce "ba kowa", ɗaki wayam ke nan. Amma "wane ba kowa ba ne" raini ne, mutumin yana nan da ransa, daraja aka cire masa. Sannan ga mai ƙwanƙwasa ƙofa da dare, an ce wane ne, ya ce "ba kowa ba ne, ni ne". Shi wannan kwantar da hankalin masu gida yake yi. "Ba komai" ma haka: ita ce amsar da ake ba mai neman gafara, ita ce ake ba mai godiya, ita ce kuma ta wanda aka ɓata wa rai ya haɗiye. Murya ce ke bambanta su.

Akwai wata hanya da ɗalibai ke mantawa da ita, alhali karin magana cike yake da ita, wato "ba a". "Ba a fafe gora ranar tafiya." "Ba a rasa nono a ruga." Ba a ambaci kowa ba, kuma an kore kowa. A wurare da dama inda Bature zai sa nobody, wannan ce ta fi zama daidai a bakin Bahaushe.

None kuwa, "ko ɗaya" ce, amma mun fi son mu kama abu mafi ƙanƙanta mu kore shi: ba ni da ko sisi, ko anini, ko kwabo. Anini kashi ɗaya cikin goma na kwabon zamanin Turawa ne. An koma naira tun 1973, amma yara da ba su taɓa ganin anini ba suna faɗarsa.

Game da salon maganar Turawa, kada ki bar ɗalibai su bi kalma-kalma. None of your business ba ta da alaƙa da kasuwanci, "ba ruwanka" ce. Second to none kuma "ba na biyunsa". Ki ba su waɗannan biyun, ki ce su nemo uku daga bakin kakanninsu.