Amsa ga ƙanenmu mai tambayar shirin kakar kuros

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka bayan na taso daga dawam, wato aiki, na ajiye wayar na ce sai da safe, amma barci ya ƙi zuwa. Ka ce saura wata 3 mu fara tseren sanyi na kuros, wato saikulokuros, tseren keken da ake zagaya gajeren fili mai yashi, hawa da shingen katako, keke ɗaya gare ka, aikinka na tsaye ne awa 10, kuma duk sanda ka gwada zagaye da ƙarfi ba ka wuce minti 15 ƙirjinka ya ɗauki wuta. Kana tambaya ko ka ci bashi ka sayi sabon keke, ko ka haƙura da bana. Wallahi kamar ni na rubuta ta a 2022. Har bashin sai da na yi tunaninsa.

Kada ka ci bashin. Wannan na fara faɗa maka tun kafin na manta. Kuma kada ka haƙura da bana.

Minti 15 ɗin nan da kake ƙonewa, ba kekenka ba ne, ba kuma rauni ba ne a jikinka. Yanzu muna cikin zafi. Riyad tana kai 45 da rana, har hukuma ta hana aiki a cikin rana daga 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, kai kuma kana auna kanka a wannan yanayin bayan ka wuni a tsaye. Jikin da kake gani yau ba shi za ka gani a Disamba ba. Sannan na tabbata kana tashi da gudu kamar an koro ka, don ni ma haka nake yi a da. Saikulokuros haka yake yaudarar mutum: zagayen gajere ne, ko a manyan gasanni kilomita 2.5 zuwa 3.5 ne, sai ka ga kamar abu kaɗan ne. Amma babu wurin hutawa a cikinsa. Kwana, birki, tashi, yashi, sauka, ɗauka, hawa. Manyan 'yan tsere awa guda suke yi a haka, mu namu minti 40 ne, kuma minti 40 ɗin sun ishi kowa.

Abin da ya taimake ni shi ne fita bayan sallar Asuba, sau biyu a mako, ban da Juma'a. Na ɗumama jiki minti 15 a hankali, sannan daƙiƙa 30 da ƙarfi, daƙiƙa 30 a sassauce, sau 8, na huta, na sake. Shi ke nan. Kafin rana ta ɗaga na dawo gida na yi wanka na tafi aiki. Ranar Juma'a kuma doguwar tafiya a Wadi Hanifa, kwarin nan na Riyad, a hankali, yadda za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba. Kada ka yi na ƙarfin kwana biyu a jere. Mai aikin tsaye ƙafarsa ba ta hutawa yadda ta ma'aikacin ofis ke hutawa, ka ƙirga wannan cikin lissafinka. Ruwa kuma gora biyu, ɗaya ka jefa mata ɗan gishiri, da dabino uku ko huɗu a aljihu.

To amma abin da ya hana ni barci ba wannan ba ne. Maganar keken ce. Ina tsoron kada ka ji an ce taya marar tif, wato tubles, ta fi, ka kwashi kekenka ka kai wa kowa.

Shekarar da nake gaya maka, na yi shiri yadda ban taɓa yi wa wani abu shiri ba. Wata 4 ina tashi Asuba. Na rage shinkafar dare, na bar lemon kwalba. Saura kwana 9 a yi tseren farko sai na ga kowa yana maganar tubles, ni kuma ƙaya ta dame ni, kusan duk fita sai na yi faci. Na ɗauki keken na kai wa wani mai gyara, ɗan gida ne, yarenmu ɗaya, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a. Ba zan kama sunansa ba, ba zan faɗi unguwar ba, kada kowa ya tambaye ni a gefe. Na tambaye shi da bakina, wannan rim ɗin zai ɗauki tubles? Ya juya shi, ya ƙwanƙwasa, ya ce ko tantama babu, ya sha yi wa Turawa irinsa. Ya karɓi riyal 350. Kuɗin da na ware zan haɗa na tura gida ne na ciri wannan a ciki. Ya ce na dawo bayan kwana 2.

Bayan kwana 2 ya ce gobe. Gobe ya ce kayan ba su iso ba. Na kira ya ƙi ɗauka. Na je shagon a rufe. Sai daren Alhamis, wajen ƙarfe 11, ya miƙo mini keken, tsere kuma da safe. Na matsa tayar da yatsa na ji ta da ƙarfi, na yi masa godiya, har na ƙara masa riyal 20 na shayi. Wannan 20 ɗin ta fi 350 ɗin ci mini rai har yau.

Da safe na rage iska kamar yadda ake yi saboda yashi. Zagaye na farko lafiya, na biyu lafiya, ina cikin biyar na gaba, abin da ban taɓa mafarki ba. A na uku, wurin gangaren nan da ke da kwana ta hagu a ƙasa, waɗanda suka yi wannan shekarar sun san shi, na kwantar da keken sai na ji fuuu. Tayar gaba ta saki iskarta gaba ɗaya ta zame daga rim. Ban ma san na bar sirdi ba. Kafaɗa ta dama ce ta fara isa ƙasa, na ji ƙas a cikin kunnena, irin ƙarar karan dawa idan an taka shi. Na kwanta yashi a bakina, ina ganin tayoyi suna wucewa ta gefen fuskata, ina son na ce a tsaya numfashi ya ƙi fita. Abin da ya zo mini a rai a lokacin ba tseren ba ne, ba ma ciwon ba. Aiki ne. Gobe Asabar ina da dawam, da wane hannu zan ɗaga kaya? Wani ɗan Sudan da wani ɗan Filifin su suka jefar da kekunansu suka tsaya a kaina, Allah ya saka musu da alheri, ɗan Sudan ɗin ya cire rigarsa ya ɗaure mini hannun a ƙirji.

Ƙashin nan da ya haɗa wuya da kafaɗa ne ya karye. Mako 7 ban yi aiki ba. An yanke mini albashi. Wata biyu ban tura ko sisi gida ba, kuma ban iya gaya wa mahaifiyata dalili ba, don ta riga ta sha faɗa mini cewa magidanci da 'ya'ya uku ba ya tsere da keke kamar yaro. Na ce mata aiki ne ya yi sanyi. Ƙarya na yi wa uwata saboda aikin mutumin nan. Matata ce kaɗai ta sani, ta sayar da 'yan kunnenta ta biya kuɗin makarantar babbar 'yarmu, ba ta gaya mini ba sai bayan shekara.

Da aka buɗe tayar, me aka gani? Rim ɗin ba na tubles ba ne sam. Salatif ɗin wayar lantarki ya naɗa a ciki, baƙin nan na riyal biyu, maimakon tef ɗin da aka yi don wannan aikin. Ruwan gam ɗin da ya zuba kuwa, wanda ake sa wa tayar tubles don ya toshe huda, bai kai cokali biyu ba, shi ma ya fara daskarewa. Da iska mai yawa tayar tana zaune, shi ya sa ta yaudare ni a daren. Ana rage iska aka kwantar da ita a kwana, ba abin da zai riƙe ta. Ya san haka. Mai gyaran keke ba zai ce bai sani ba.

Mako 7 ina kwance bai zo ya duba ni ba, bai kira ba, ko saƙon sannu. Da na warke na je na same shi da tayar a hannuna, ban ɗaga murya ba, na ce dubi abin da ka yi mini. Ya kalle ta ya ce, Malam, ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba makawa. Na yarda da ƙaddara, ni Musulmi ne. Amma salatif ɗin ba daga sama ya faɗo cikin rim ɗina ba, hannu ne ya naɗa shi. Da ya ce na yi kuskure, yafe mini, wallahi da maganar ta mutu a wurin. Har yanzu muna haɗuwa a masallaci, yana miƙo mini hannu ina karɓa, zuciyata kuwa ba ta gama saki ba. Ina roƙon Allah ya cire mini abin.

Don haka, ƙanena, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a taɓa a keken nan, taya ne, birki ne, cen ne, a taɓa shi yanzu, ka hau shi mako 3 ko 4 kafin tsere. Makon ƙarshe ko sirdi kada ka ɗaga. Idan rim ɗinka ba a rubuta masa yana ɗaukar tubles ba, ka zauna da tif ɗinka, ka ƙara iska kaɗan, ka haƙura da faci. Idan kuma yana ɗauka, ka tsaya a kan mai aikin ka ga tef ɗin da idonka. Kuma ka sani zafin ƙasar nan yana busar da ruwan gam da wuri, ka riƙa girgiza tayar kana saurara, in ba ka ji motsin ruwa ba a ƙara.

Iska ma ka saya mata geji naka na kanka, ya fi maka sabon keke amfani. Ni nauyina kilo 72, ina sa PSI (ma'aunin iskar taya) 26 a gaba, 28 a baya. Da tif kuwa ba na sauka ƙasa da 35 saboda duwatsun wadi suna cizon tif. Dokar UCI, hukumar tseren keke ta duniya, ta ce faɗin taya kada ya wuce milimita 33, amma mu a namu ba wanda ke aunawa, in kekenka na ɗaukar 38 ko 40 ka sa, yashinmu zai gode maka. Keke na biyu da kake gani ana miƙa wa zakarun kuros irin su Van der Poel da Van Aert a gefen fili, saboda lakar Beljiyam da Holan ne, tana cika keke har taya ta ƙi juyawa. Mu ina muka ga laka? Ƙura ce abokiyar gabarmu. Kada ka zuba wa cen baƙin mai na mota, yana kama ƙura ya zama kamar sanfefa ya cinye haƙoran giya. Ka sa busasshen mai, ka goge da tsumma bayan kowace fita.

Tunda na ambace su, don Allah kada ka kalli bidiyo ka ce za ka tsallake katako a kan keke. Katakon yana iya kai santimita 40, kuma waɗannan mutanen tun suna yara suke yi. Ka sauka. Saukar ita ce ake koyo: ka zagayo da ƙafar dama ta bayan sirdi zuwa hagu tun keken na tafiya, ka saki feda, ka taka da gudu, ka ɗaga. Idan yashi ne mai tsawo ko hawa, ka saɓa shi a kafaɗar dama. Hawa kuma a kan cikin cinya ake sauka, sannan a zame kan sirdi, a fara da tafiya kafin a kai ga gudu. Minti 10 a ƙarshen kowace fita, a fili mai laushi. Na ga masu keken riyal 15,000 suna tsayawa cik a gaban katako, yaro mai tsohon keke ya wuce su a guje.

Yashi kuwa, in kana son ka ga yadda ake yinsa ka nemi tseren Koksijde na Beljiyam, can ne tuddan rairayi suke, an yi gasar duniya a wurin a 2012. Ka lura ba sa damƙe kan keken. Nauyi a baya, hannu a sake, ƙafa ba ta daina juyawa, ido yana can gaba, taya na bin layin da na gaba ya tsaga. Da zarar gudun ya mutu, kada ka yi ta kokawa, ka diro ka ruga. Mu da muke da tuddan yashin Sumama a bayan gari bai kamata yashi ya ba mu tsoro ba.

Wani abu kuma da ba ka tambaya ba. Ka gaya wa iyalinka abin da kake yi. Ka duba katin inshorarka ko yana aiki, iƙamarka, wato katin zama, tana aljihu duk fita, hular kwano a ka ko da zagayen unguwa ne. Tawa ta tsage a ranar da na faɗi, ba don ita ba da kaina ne. Idan hadari ya haɗo lokacin sanyi kada ka shiga wadi, ruwa yana tahowa daga inda ba ka ga an yi shi ba. Kuma ka duba kalanda, azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, yana ƙara shigowa cikin sanyi, ka san inda zai same ka a kakar.

Ni yanzu ba na cikin biyar na gaba, kafaɗar tana yi mini tsami in sanyi ya shigo, kuma har yau in na zo gangaren nan hannuna na zuwa birki da kansa. Amma ina fita. Ranar Juma'a bayan Asuba ina wurin da muka saba haɗuwa, ka zo da keken yadda yake, kada ka kai shi ko'ina tukuna. Zan taho da geji da katako biyu a mota, mu cire tayar mu duba rim ɗin tare.