Amsa: Ba da hayar gida ga masu zuwa hutu a Zanzibar

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gidanka na Jambiani, ƙauyen bakin teku da ke gabashin tsibirin Zanzibar, zai riƙe kansa da kuɗin masu zuwa hutu. Zai iya, amma kada ka yi lissafi da wata 12. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, baƙi sai ɗai-ɗai. Kasuwa tana ci daga Yuni zuwa Oktoba, sai Disamba zuwa Fabrairu.

Iskar teku ce ke cinye riba. Gishirinta na cin ƙarfe: na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, makullai, ƙusoshi, duk sai su yi tsatsa. A riƙa ɗauraye na'urar da ruwan daɗi duk wata. Rijiyar bakin teku kan yi zartsi, ta toshe famfon wanka. Wuta na ɗaukewa, don haka sola ko janareto dole ne.

Booking.com, shafin intanet da baƙi ke kama masauki, na cire kimanin kashi 15 cikin 100 na kuɗin haya. Ka yi rajista da hukumar yawon buɗe ido da ta haraji tun kafin baƙon farko. Kuma ka rubuta a tallarka cewa a gabashin tsibirin teku na janyewa nesa sau biyu a rana, don mai son iyo ya sani.