Ɗana Zai Hau Dutsen Tsibirin Biyoko, Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

Tambaya: Malam, ɗana yana aikin gini a Malabo, a tsibirin Biyoko na ƙasar Equatorial Guinea, ya ce shi da abokansa za su hau dutsen Basile da ke tsibirin da ƙafa. Wai kada in damu, tunda ya sha hawa duwatsun Rumsiki na nan arewacin Kamaru, kuma zai sha Tramol ya ƙara masa ƙarfi. Daga wata uwa a Garwa.

Amsa: Hajiya, Allah ya kwantar miki da hankali, amma kina da dalilin damuwa. Dutsen Basile ya kai mita 3,011, kuma duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6. Wanda ya baro Malabo yana zufa zai tarar da sanyi da hazo da iska a sama. Rumsiki busasshen wuri ne, Biyoko kuwa tsibirin ruwan sama ne, domin a kudancinsa akwai garin Ureka, inda ruwan shekara yake wuce milimita 10,000. Rigar auduga idan ta jiƙe sai ta manne a fata tana zuƙe ɗumin jiki, kuma da zarar zafin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, mutum ya shiga haɗari.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar Tramol. Kullum sai na ji samari suna cewa yana ba da ƙarfi, kuma masu tallar ƙwayoyi a bakin tasha, waɗanda ko takardar cikin kwalin ba su taɓa karantawa ba, su ne suke hura wutar wannan ƙarya. Tramol maganin ciwo ne, gajiya kawai yake ɓoyewa, sai yaro ya ci gaba da hawa alhali ƙafafunsa sun riga sun gaza. Yana jawo jiri da gyangyaɗi, wani lokaci har da jijjiga irin ta farfaɗiya, ga mutum a bakin kwazazzabo. Mafi muni, yana danne makyarkyata, wadda ita ce hanyar da jiki yake ɗumama kansa. Na ga saurayi a kan dutse, leɓɓansa sun yi duhu, ya kasa ɗaura igiyar takalminsa, harshensa ya yi nauyi, yana rantsuwa cewa lafiyarsa lau.

Ki kira shi yau, ki ce ya ajiye ƙwayar, ya bari sai rani tsakanin Disamba da Fabrairu, ya nemi takardar izini da ɗan jagora ɗan ƙasar, ya kuma ƙulle busasshen suwaita a leda. Idan wani cikinsu ya fara tuntuɓe ko sambatu, su canza masa kaya, su ba shi shayi mai sukari, su juyo ƙasa nan take.