Kakarsu a Poland tana son ganinsu, ni kuma zuciyata ta ƙi

Assalamu alaikum Gwaggo,

Allah ya ƙara girma. Ni 'yar Zariya ce, aure ya kawo ni Ingila, shekarata goma sha bakwai ke nan a wani gari kusa da Manchester. Allah bai ba mu haihuwa ba. Mun yi na asibiti mun yi na gida har muka gaji, daga baya ni da maigidana muka shiga sahun masu riƙon yaran da hukuma ta karɓe daga hannun iyayensu. Ta nan aka kawo mana yara biyu, ya da ƙani, ita tana da shekara biyar, shi kuwa ko yaye bai isa ba. Mahaifiyarsu 'yar Poland ce, cikin waɗanda suka kwararo Ingila neman aiki bayan ƙasarsu ta shiga Tarayyar Turai a 2004. Shaye-shaye ne ya ci ƙarfinta, uban kuma ba wanda ya san inda ya nufa. Da aka shekara biyu, kotu ta damƙa mana su gaba ɗaya.

Yanzu babbar tana da sha uku, autan tara. Umma suke ce mini, suna zuwa islamiyya ranar Asabar, autan in ya ga tuwo da miyar kuka sai an ƙwace kwanon. Ban taɓa ɓoye musu asalinsu ba. Ina ma zan ɓoye, ga fatarsu ga tamu?

Shekara biyu da suka wuce mahaifiyar ta rasu, danginta suka kai gawar gida, wani ƙauye kusa da birnin Bialystok. Tun daga nan kakarsu ta wajen uwa ta fara rubuto mana wasiƙa ta hannun ofishin da ke kula da riƙon, sau ɗaya a shekara, ana fassara mana. A ta bana ta ce shekarunta sun kusa tamanin, ƙafa ta fara gaza mata, tana roƙon ta ga jikokinta ko sau ɗaya ne. Har ta ambaci 1 ga Nuwamba, ranar da mutanen can suke zuwa maƙabarta su kunna wa mamatansu kyandir.

Tun da babbar ta karanta wasiƙar gidan ya hautsine. Ba ta da zance sai na Poland. Ta sauke manhajar koyon yaren a waya, ta ce ta tuna tana yarinya akwai wadda take kira "babcha", wato kaka da yarensu. Autan ya ce shi babu inda za shi, shi Bahaushe ne. Maigidana ya ce kuɗin da muka tara na zuwa Zariya ne da babbar Sallah, kuma ba zai kai 'ya'yansa inda za a ja su coci ba. Surukata da ta ji labari a waya, cewa ta yi dama tsintacciyar mage ba ta mage, mu kai su mu ga yadda za mu dawo hannu rabbana.

Gwaggo, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban yarinyar ina cewa za mu duba, amma a raina ba na so. Rannan na ji ta a ɗaki tana maimaita wata kalma ta yarensu, sai na shige banɗaki na yi ta kuka. Shekara takwas ina jinya, ina wanki, ina tashin dare. Tsorona ta je ta ga masu kama da ita, ta dawo tana yi mini kallon baƙuwa. In hana, ko in kai su?

Umman Biyu, Ingila

*

Wa alaikumus salam 'yata,

Ki kai su. Na fara da wannan don kada ki yi ta lalube a cikin maganata kina neman ƙofar tsira, babu ita.

Mu fa riƙo ba baƙonmu ba ne. Ni kaina a hannun ƙanwar babana na tashi, kuma duk Sallah sai an ɗaura mini sabon zane an kai ni gaida wadda ta haife ni. Ban taɓa jin mariƙiyata ta ragu a idona don haka ba. 'Yan riƙon da na ga sun juya wa mariƙansu baya, yawanci waɗanda aka toshe wa hanya ne, suka girma suka gano da kansu. Ke kuma a ƙasar da kike, da zarar yarinyar nan ta cika sha takwas doka ta ba ta damar karɓar takardar haihuwarta ta asali, ta sayi tikiti ta tafi ba tare da ta tambayi kowa ba. Shekara biyar suka rage. Tsohuwar nan ba lallai ta kai ba. In ta rasu a tsakani, yarinyar za ta riƙe ranar da wasiƙa ta zo da amsar da Umma ta bayar, har ta tsufa.

Maigidanki da yake jin tsoro saboda addini, ki tuna masa da ladabi cewa addinin ne ya fara wannan magana. A Suratul Ahzabi, aya ta 5, Allah ya ce a kira 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu. Zaidu ɗan Harisa a gidan Manzon Allah (SAW) ya tashi, kuma da mahaifinsa da baffansa suka zo Makka nemansa ba a ɓoye shi ba. An kira shi, ya gan su, ya gane su, aka ba shi zaɓi, ya zaɓi zama inda yake. Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar ma, da mahaifiyarta ta zo mata Madina tana kan shirka, cewa aka yi ta sadar da zumuncinta. Zuwa coci kuwa abu ne da ake kashewa a wasiƙa tun kafin a tashi: a gaya wa kakar cikin mutunci cewa yaran Musulmi ne, za su zo su gaishe ta, su ci abincinta, su ga inda uwarsu take kwance, amma ba za su shiga ibada ba. In kuka bari sai kun isa ƙofar gidanta, nan ne za a ji kunya.

Surukarki, ki bar ta da ɗanta. Kada ki tanka. Zariya kuma tana nan, Sallah na zagayowa. Ku zauna ku yi lissafi, kwana huɗu a Poland bai kai rabin abin da mutum huɗu za su kashe zuwa Najeriya ba.

Abin da na fi so ki ba ƙarfi shi ne takardu, don nan mutane suke tuntuɓe. A dokar Poland, duk wanda uwarsa ko ubansa ɗan ƙasar ne, shi ma ɗan ƙasa ne tun daga haihuwa, ko a ina aka haife shi. Kuma wanda suke ɗauka nasu ne, da fasfonsu suke so ya shiga ya fita, ko da yana da na Birtaniya. Saboda haka kafin ki biya kuɗin jirgi, ki tuntuɓi ƙaramin ofishin jakadancinsu da ke nan Manchester, ki faɗi yadda yaran suka zo hannunki, ki nemi amsa a rubuce. Irin wannan yana cin watanni, ki fara yau. In ke ko maigidan da fasfon Najeriya kuke tafiya, akwai bizar Schengen, ta shiga ƙasashen Turai irin su Poland, a gabanku. Takardar kotu kuma kada ta bar jakar hannunki. Baƙaƙe biyu da fararen yara biyu a bakin iyaka, dole a yi tambaya, kuma gara a tambaya ki zaro takarda da ki tsaya rantse-rantse. Takardar nan ita ce kuma amsar masu cewa za a ƙwace su: a doka ku ne iyayensu, kaka ba ta da ikon riƙe kowa.

Kada ki tsallake ofishin da wasiƙun ke bi ta hannunsa ki ce za ki shirya da kanki ta Facebook. Su suka san abin da ke cikin fayil, sun san ko akwai wani a dangin da bai kamata ya kusanci yaran ba. Ki nemi su haɗa babbar da mai ba da shawara kafin tafiya da bayan dawowa, su kuma shirya gaisuwa ta bidiyo da kakar, ko sau biyu, don kada ranar haɗuwa ta zama ranar ganin farko.

Batun 1 ga Nuwamba, ni ban so ba. Ranar maƙabartu cike suke maƙil, dangi na nesa da na kusa duk sun hallara, kowa zai so ya taɓa yaran ya yi kuka a kansu. Ya yi wa 'yar sha uku yawa. Ku je a hutun makaranta na ƙarshen Oktoba, ku riga taron da 'yan kwanaki. Lokacin ne iyalai suke zuwa share kaburbura da wanke duwatsunsu, ba hayaniya. Ku sauka Warsaw, jirgin ƙasa ya kai ku Bialystok, ku kama masauki a cikin gari. Kada ku kwana gidan kakar komai nacinta, yara suna bukatar inda za su koma su rufe ƙofa. Ku ɗauki tafinta wanda ba ɗan dangin ba. Ku shirya wa sanyi, kuma ku sani kafin ƙarfe biyar duhu ya rufa. Ku shirya wa kallo ma, a ƙauye za a kalle ki da hijabinki, ki gaya wa yaran tun a gida don kada ya dame su.

Autan kada a tilasta masa komai. Shi bai san uwar ba, ke ya buɗe ido ya gani, kuma ina zargin wannan "ni Bahaushe ne" tsoro ne kada a bar shi can. Ki nuna masa tikitin dawowa da sunansa a jiki. Ya bi ku, amma in ya ce ba zai shiga maƙabarta ba, ya zauna a mota da babansa. Akwai ma inda nake so a kai shi. A wannan yanki na Bialystok akwai ƙauyuka biyu, Kruszyniany da Bohoniki, na Tatar, Musulmin da suka yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar. Sarkin Poland Jan Sobieski ne ya ba su filaye a wurin a 1679, kuma masallatansu na katako suna nan tsaye har yau. Yaron da yake ganin sai dai ya zaɓi ɗaya, ko Poland ko sallah, ya je ya gani da idonsa. Maigidan ma zai sami abin ba da labari a Zariya.

Ke kuma, kukan banɗakin nan ba laifi ba ne, kishi ne irin na uwa. Sai dai kada ki ɗora wa yarinyar shi. Watakila ta rungume tsohuwar ta manta kina tsaye. Watakila ta dawo ta yi sati tana harararki ba dalili, don wanda yaro ya tabbata ba zai gudu ba shi yake sauke wa fushi. Ki daure, ki nemi ƙawar da za ki kira ki amayar mata da abin da ke ranki.

Ki haɗa wa kakar kundin hotunan shekara takwas ɗin nan, daga faɗuwar haƙori zuwa saukar izu. Ki roƙe ta hotunan 'yarta tana ƙarama, ki tambayi cututtukan da ke bin danginsu don likita zai tambaye ku wata rana, ki ɗauki muryarta a waya tana ba da labari. Tsaraba kuma ki kai turmin atamfa da turare. Kilishi dai ki bar shi a gida, ba a shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama daga Ingila, a filin jirgi za su karɓe.

Gwaggo